Fashin Baƙi: Shin Tsallakar da Haƙori Ɗaya a Taimin Tsohon Babur Yana Rage Shan Mai?

Tambayar gajeriya ce: shin gaskiya ne idan bakanike ya tsallakar da sarƙar taimin da haƙori ɗaya, tsohon babur zai rage shan mai ko ya ƙara gudu? Maganar ta daɗe tana yawo a rumfunan gyaran babura, amma ta sami sabuwar kasuwa tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma ci gaba da hawa daga baya. A ƙauyukan Kano da Jigawa, inda babur yake zaman motar kasuwa, motar asibiti, kuma jakin dakon taki, duk dabarar da aka ce tana rage shan mai ba ta rasa masu saurare. Wasu sun karkaɗe tsofaffin Honda da suka shekara a jingine a zaure sun kai gareji, kuma a mafi yawan lokuta abin da mai babur yake faɗa bai wuce jimla ɗaya ba: "Oga, a duba mini taimin." Kafin a amsa tambayar, sai an fara warware abin da wannan kalma take nufi, domin sau da yawa mai babur da bakanike suna furta ta tare alhali kowa da abin da yake cikin ransa.

Kalma ɗaya, abubuwa uku

Abu na farko da ake kira taimin shi ne lokacin buɗewa da rufewar bawul, wato ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi, idan an kwatanta da inda fistin, ƙarfen da yake hawa da sauka a cikin silinda, yake. Wannan shi ne taimin bawul, kuma sarƙa ce ko giya take riƙe da shi tsakanin kuranshaf, wanda fistin yake juyawa, da kamshaf, wanda yake danna bawul. Abu na biyu shi ne lokacin da fulogi yake ba da wuta, wato taimin wuta, wanda a tsofaffin babura ake saitawa ta hanyar kwantak, 'yan ƙarafan da suke haɗuwa suna rabuwa domin sakin wutar, a sababbi kuma wani akwatin lantarki da ake kira CDI ne yake kula da shi. Abu na uku shi ne 'yar ratar da ake bari tsakanin kan bawul da roka, ƙarfen da yake isar da dannin kamshaf zuwa bawul, ratar da kanikawa suke kira saitin tafet.

Biyu daga cikin ukun nan ana saita su ne a kai a kai, domin kwantak yana cinyewa, ratar tafet kuma tana sauyawa yayin da ƙarfe yake gogar ƙarfe. Taimin bawul kuwa ba ya cikin abubuwan da ake murɗawa a ƙara ko a rage. Ana ɗaura shi ne ranar da aka haɗa inji, ya zauna a haka har sai an sake buɗe kan silinda, ko sarƙa ta saki ta yi tsalle da kanta. Saboda haka idan babur ya yi shekara biyu ba a taɓa buɗe injinsa ba, sai kwatsam ya fara shan mai, da wuya a ce taimin bawul ne mai laifi, kuma wanda ya garzaya can ya bar jaki yana dukan taiki.

Yadda injin yake numfashi

Injin da ake magana a kansa shi ne mai silinda ɗaya da tafiya huɗu, tsarin da Bajamushe Nikolaus Otto ya tabbatar da aikinsa a shekarar 1876, wanda kuma har yau bai sauya ba a asalinsa. A tafiya ta farko fistin yana sauka, bawul ɗin shiga yana buɗe, sai ya zuƙo iska haɗe da fetur daga kafireto. A ta biyu yana hawa, bawul biyun a rufe, ya matse abin da ya zuƙo. A ta uku fulogi ya kunna wuta, ƙarfin ƙonewar ya turo fistin ƙasa, kuma wannan ce kaɗai tafiyar da take samar da ƙarfi. A ta huɗu ya sake hawa, bawul ɗin fita yana buɗe, ya kori hayaƙi zuwa salansa.

Kafin waɗannan tafiye-tafiye huɗu su cika, kuranshaf ya zagaya sau biyu, wato digiri 720, amma kowane bawul sau ɗaya kawai ake buƙatar ya buɗe. Wannan ne ya sa kamshaf yake juyawa da rabin saurin kuranshaf, kuma shi ya sa faifai mai haƙoran da yake kan kamshaf yake da ninkin haƙoran na ƙasa, wato na kan kuranshaf. Idan inji yana juyi 6,000 a minti ɗaya, kowane bawul yana buɗewa ya rufe sau 50 a daƙiƙa ɗaya, yana wucewa ta wurin da fistin zai iso bayan ƙiftawar ido. Wanda ya fahimci wannan saurin ba zai ɗauki haƙori ɗaya a matsayin ƙaramin abu ba.

Akwai wani abin da ya kamata a tsaya a kansa, domin shi ne tushen rabin ruɗanin. Bawul ba ya buɗewa daidai lokacin da fistin ya kai maƙurar sama ko ta ƙasa. Iska tana da nauyi, tana kuma ɗaukar lokaci kafin ta fara tafiya ko ta tsaya, kamar yadda ruwan da aka saki a lambatun fadama yake ci gaba da gangarowa bayan an toshe bakinsa. Don haka bawul ɗin shiga yana fara buɗewa kaɗan kafin fistin ya kai sama, ya kuma jinkirta rufewa har fistin ya wuce ƙasa ya fara dawowa. Bawul ɗin fita yana buɗewa kafin tafiyar ƙarfi ta ƙare, ya rufe bayan fistin ya ɗan wuce sama. Sakamakon haka akwai wani ɗan taƙi, a ƙarshen korar hayaƙi da farkon zuƙar iska, da bawul biyun suke a ɗan buɗe tare, hayaƙin da yake fita yana taimakawa wajen janyo sabuwar iska. Injiniyoyin kamfani sun riga sun sassaƙa wannan lissafi a jikin tudun kamshaf, wato tozon da yake danna roka. Aikin bakanike shi ne ya ɗaura kamshaf ɗin a inda lissafin zai faɗa daidai da tafiyar fistin.

Alamomin da kamfani ya bari

A ɗauki injin nan na kwance na Honda 50, 70 da 90, dangin Super Cub da aka fara ƙerawa a Japan a 1958, wanda adadin da aka ƙera ya haura miliyan 100 a 2017, kuma kamfanonin Sin suka kwaikwayi injinsa har ya cika ƙauyukanmu da sunaye iri-iri. Na farkon fitowa suna amfani da sandar turi ne, wadda take ɗauko danni daga kamshaf da yake ƙasa zuwa roka, amma tun daga tsakiyar shekarun 1960 aka mayar da kamshaf saman silinda, sarƙa tana juya shi, kuma irin wannan ne muka fi sani.

Idan aka cire murfin hagu za a ga maganeto, wato faifan ƙarfen da yake juyawa tare da kuranshaf yana samar da wuta, a jikinsa akwai haruffa biyu, T da F, kowanne da ɗan layi a gefensa. T tana nuna fistin ya kai maƙurar sama. F tana nuna inda wuta ya kamata ta tashi, kuma tana riga T isowa idan ana juya maganeto ta hanyar da injin yake juyawa, wato akasin tafiyar hannun agogo ga wanda yake tsugune a hagun babur. A jikin kwandon inji akwai tsaga da ake daidaita waɗannan layuka da ita. A saman silinda kuma, bayan an cire murfin nan mai kama da marfin gwangwani, za a ga faifan kamshaf da alamar O a jikinsa, da wata tsagar a jikin kan silinda. Ƙa'idar ita ce layin T ya tsaya a kan tsagarsa, O ta tsaya a kan tata, a lokaci guda. Kuskuren da yaran gareji suka fi yi shi ne su ɗaura kamshaf a kan F maimakon T, saboda haruffan suna kusa da juna kuma tsatsa ta cinye su, sai inji ya tashi amma ba ya daɗi.

Tsarin aikin kansa ba shi da tsawo. Ana cire fulogi domin inji ya juya cikin sauƙi, a sassauta abin da yake ɗaure sarƙa, a tsayar da T, a juya kamshaf har tudunsa biyu su kauce wa roka, sannan a ɗora faifan a cikin sarƙa ta yadda O za ta fuskanci tsaga yayin da ramukan noti suka dace da na kamshaf. Idan ba su dace ba, a cikin sarƙa ake matsar da faifan, ba a taɓa maganeto. Bakanike mai hankali yana cusa tsumma a bakin ramin sarƙa kafin ya kama noti, domin ƙaramin noti ɗaya da ya faɗa ciki yana iya jawo a sauke inji gaba ɗaya. Bayan an ɗaure, an mayar da abin ɗaure sarƙa, sai a juya maganeto da hannu zagaye biyu cikakku, a hankali, a sake duba alamomin. Idan aka ji ya toge a hanya, a tsaya nan take, domin wataƙila bawul ne ya haɗu da fistin. Hannu yana jin wannan togewar ya dakata, ƙafar da ta taka kik kuwa sai ta lanƙwasa bawul ɗin kafin mai ita ya ankara.

T tana zuwa kan tsagarta sau biyu a kowane cikakken zagayen aiki, kuma wannan yana da muhimmanci wajen saitin tafet. A zuwa ɗaya fistin yana ƙarshen matsa iska, bawul biyun a rufe, roka biyun suna ɗan motsi idan aka girgiza su da yatsa. A ɗaya zuwan kuma lokacin nan ne da bawul biyun suke a ɗan buɗe, roka a danne. Wanda ya saita tafet a zuwa na biyu zai bar rata mai faɗin gaske, inji ya riƙa ƙara kamar keken ɗinki. Ratar da Honda ta tsara wa waɗannan ƙananan injuna ita ce milimita 0.05 idan inji ya huce sarai. Rezar aski da wasu suke amfani da ita a madadin ma'aunin rata kaurinta ya kai kimanin milimita 0.1, wato ninki biyu ke nan.

Lissafin haƙori ɗaya

Yanzu a koma kan tambayar. A injin Honda 70 faifan sama yana da haƙora 28, na ƙasa 14. Idan aka raba digiri 360 gida 28, kowane haƙori yana ɗauke da kusan digiri 13 na juyin kamshaf, kuma tun da kuranshaf yana juyi biyu a kan kowane ɗaya, wannan ya zama kusan digiri 26 a wurin fistin. Masu gyaran injunan tsere, waɗanda suke da dalilin taɓa taimin bawul, suna matsar da shi ne da 'yan digiri ƙalilan, biyu zuwa huɗu, ta hanyar faifai na musamman mai dogayen ramukan noti, suna aunawa da faifan digiri. Haƙori ɗaya ya ninka wannan sau shida ko fiye.

Idan aka tsallakar da shi gaba, wato bawul suna riga lokacinsu, bawul ɗin fita zai buɗe tun wuta ba ta gama tura fistin ba, ƙarfin da aka sayi fetur dominsa ya bi salansa. Bawul ɗin shiga kuma zai buɗe tun fistin yana kan korar hayaƙi, sai hayaƙin ya koma cikin bututun kafireto, ya kuma matso kusa da kan fistin fiye da yadda aka tsara. Idan aka tsallakar da shi baya, bawul ɗin shiga zai makara wajen rufewa, fistin ya mayar da wani kaso na abin da ya zuƙo ta hanyar da ya shigo. A nan ne ake jin kik ya yi laushi, babur yana wuyar tashi da safe, kafireto yana tari yana fesar mai, kuma babur ba ya iya jan kaya a yashi ko a hawa. A wannan ɓangaren bawul ɗin fita ne yake shiga haɗarin karo da fistin.

Ko gaba ko baya, injin ya rasa ƙarfi, mai tuƙi kuma zai rama da murɗa totur da zama a ƙaramar giya, kuma wannan shi ne ainihin abin da yake cinye fetur. Amsar ke nan: tsallakar da haƙori ba ya rage shan mai. Wanda ya rantse cewa an yi wa baburinsa haka ya gyaru, mafi kusa da gaskiya shi ne tun farko taimin ɗin a karkace yake, tsallaken ya mayar da shi gurbinsa, ko kuma a wannan zaman an wanke masa kafireto an saita tafet, sai yabon ya tafi ga haƙori.

A wasu tsofaffin Honda 90 masu batir mai bolt 6, kwantak yana zaune ne a ƙarshen kamshaf, a saman silinda. A irin waɗannan, duk wanda ya karkatar da taimin bawul ya karkatar da taimin wuta tare da shi, kuma dole a sake saita wuta a kan F bayan an gama da sarƙa.

Injunan da ba su da sarƙar taimin

Honda CG125, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, an tsara shi ne musamman domin ƙasashen da ba a cika yin juyen baƙin mai a kan lokaci ba. Kamshaf ɗinsa yana ƙasa a cikin kwandon inji, giya ce take juya shi kai tsaye daga kuranshaf, tudu ɗaya tak yake aiki wa bawul biyun ta hanyar sandunan turi. Taimin ɗinsa ɗigo biyu ne, ɗaya a kan kowace giya, a haɗa su fuska da fuska. Babu sarƙar da za ta miƙe, babu abin da zai yi tsalle, kuma muddin ba a tsaga injin ba taimin bawul yana nan yadda aka bar shi. Ratar tafet ɗinsa milimita 0.08 ce. Tsofaffin baburan Ingila irin su BSA da Royal Enfield su ma da giya suke, da ɗige-ɗige a jikin haƙora, sai dai tsohuwar Bullet ta Royal Enfield, wadda aka ci gaba da ƙerawa a Indiya tun 1955, kamshaf biyu gare ta, na shiga daban na fita daban, kowanne da alamarsa.

Injuna masu tafiya biyu kuwa, waɗanda ake zuba wa man 2T suna hayaƙi, ba su da kamshaf ko tafet ko kaɗan, ƙofofi ne a jikin silinda da fistin yake buɗewa yana rufewa. Idan aka ce za a saita wa irin wannan babur tafet, mai shi ya riƙe kuɗinsa. Abin lura kawai shi ne Suzuki A100 da Yamaha YB100 suna da wani siririn faifai a gefen kuranshaf da yake buɗe wa fetur hanya, wanda shi ma yana da gurbin da ake ɗaura shi.

Ranar da alama ta yi ƙarya

Nan ne tsohon babur ya bambanta da sabo, kuma nan ne ake gane bakaniken da ya fahimci aikin da wanda ya haddace shi. Alamar T wakiliya ce kawai, tana faɗin inda fistin yake ne bisa sharaɗin cewa maganeto yana zaune daidai a kan kuranshaf. Abin da yake tsayar da shi a gurbinsa wani ɗan ƙarfe ne mai siffar rabin wata da kanikawa suke kira ki. Idan notin maganeto ya saki, ki yana iya tsinkewa, maganeto ya zame, T ta ci gaba da nuna tsaga alhali fistin yana wani wurin. Haka nan babur da ya shekara arba'in a hannun mutane da dama yana iya ɗauke da maganeton wani injin daban, wanda ya shiga daidai amma layinsa ba a nan yake ba.

Akwai kuma faifan ƙasa. A waɗannan ƙananan injunan Honda, matse shi ake yi a jikin kuranshaf, babu ki da yake tsare shi, ana daidaita haƙoransa ne da gurbin ki na maganeto. Idan an taɓa sauya shi aka buga shi a karkace, O ba za ta taɓa faɗawa kan tsagarta ba, kullum sai ta tsaya rabin haƙori gaba ko baya, bakanike ya yi ta jujjuya sarƙa har magariba. Sarƙar da ta miƙe ita ma tana jan kamshaf baya kaɗan-kaɗan. Idan an goge kan silinda a wurin masu injin sassaƙa domin ya daina yoyo, ko an haɗa ba tare da gasket na ƙasan silinda ba, tazarar da ke tsakanin faifan sama da na ƙasa ta ragu, kuma sakamakon shi ne dai kamshaf ya ƙara makara. Ɗan kaucewa kaɗan a tsohon inji ba abin tashin hankali ba ne. Idan ta kai rabin haƙori, maganinta sabuwar sarƙa da duba faifan ƙasa.

Ta yaya ake tabbatar da gaskiya idan ana zargin alama? Fistin ake tambaya kai tsaye. Ana zura siririn abu mai laushi, kamar tsinken itace mai ƙwari, ta ramin fulogi, a juya maganeto a hankali har a ji fistin ya daina hawa. Matsalar ita ce a maƙurar sama fistin yana yin kamar ya tsaya na tsawon wasu digiri, don haka hannu kaɗai ba ya ba da daidai. Hanya mafi inganci ita ce a fasa tsohon fulogi a ɗaura masa ƙusa ta yadda zai tare fistin kafin ya kai sama, a kuma sassauta tafet gaba ɗaya ko a cire faifan kamshaf domin kada bawul ya taɓa ƙusar. A juya maganeto a hankali har fistin ya toge, a yi alama, a juya ta ɗaya ɓangaren har ya sake togewa, a yi wata alamar. Tsakiyar alamomin biyu ita ce T ta gaskiya, ko da kuwa ba ta dace da wadda aka buga a jikin ƙarfen ba.

Idan kuma alamar O ce ta goge, ko aka sayo faifan da ba a buga masa alama daidai ba, ɗan taƙin nan da bawul biyun suke buɗe tare shi ne shaida. A tsayar da fistin a maƙurar sama ta gaskiya, a juya kamshaf zuwa inda bawul ɗin fita yake gab da rufewa, na shiga kuma ya fara buɗewa, rokokin biyu suna musayar danni kamar sikeli. A injunan hanya na yau da kullum wannan wurin yana faɗawa kusa ƙwarai da maƙurar sama, kusancin da ya isa a gane haƙorin da ya dace ba tare da shakka ba.

Inda kanikawa suka rabu

Akwai tsofaffin kanikawa da suke cewa kunne da tafin hannu sun ishe su, kuma ba a raina su ba, domin mutumin da ya shekara talatin yana sauraren inji yana iya bambance ƙarar tafet da ta sarƙa tun babur yana nesa. A wajen saita kafireto, kunnensu ya fi littafi. Amma a ganina, kunne yana gano cewa akwai matsala ne kawai, ba ya iya faɗin digiri nawa aka kauce, kuma inji da aka karkatar da haƙori ɗaya yana iya zama lafiya lau a tsaye, sai an ɗora masa buhu biyu na gero aka nufi kasuwar Gujungu sannan asirinsa ya tonu. Akwai kuma matasa da suka riƙe T da O kamar karatun allo, waɗanda idan alamomin suka dace amma babur ya ƙi tashi sai su fara sauya kwayil da fulogi da CDI ɗaya bayan ɗaya da kuɗin mai babur, ba su taɓa tunanin ki ne ya tsinke ba.

Wani saɓanin ya shafi tafet, kuma a nan masu babura ne suke jawo ɓarnar da bakinsu. Da yawa suna son inji ya yi shiru tsit, sai bakanike ya ɗaure tafet har ratar ta ɓace domin ya faranta musu. Idan inji ya yi zafi ƙarfe ya miƙe, bawul ba zai koma ya zauna a mazauninsa sosai ba, alhali ta wannan zaman ne bawul ɗin fita yake sauke zafinsa. Sai gefensa ya ƙone, matsin iska ya zube, babur ya riƙa mutuwa idan ya ɗau zafi. Ɗan ƙas-ƙas kaɗan daga tafet ya fi wannan shirun arha nesa ba kusa ba.

Abin da wannan yake nufi ga mai babur

Wanda ya yarda aka tsallakar masa da haƙori yana sayen ƙarin fetur a kowace tafiya, kuma idan aka yi rashin sa'a bawul ya taɓa fistin, gyaran gangar Auzinawa ya tabbata: sabon bawul, gasket, wasa mazaunin bawul, wani lokaci har da fistin, ga kwanakin da babur zai yi a gareji. Ga manomin da yake jiran Alhamis ya kai akuya Maigatari, ko ɗan acaɓan da Juma'ar Wudil ce babbar ranar samunsa, rasa ranar kasuwa ɗaya yana iya fin kuɗin gyaran ciwo.

Abubuwan da suke ƙara shan mai da gaske sun fi wannan sauƙi. Matatar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana sa inji ya zuƙi fetur fiye da iska, kuma cire ta gaba ɗaya, kamar yadda wasu suke yi, yana shigar da yashi ya cinye zoben fistin. Allurar kafireto da ta cinye, ko ɗan mai iyon cikin kafireto da ba ya tsayar da fetur, ko taya maras isasshiyar iska, ko birki da yake kamawa, ko sarƙar baya da ta bushe, kowanne yana da rabonsa a cikin tanki. Sai an kawar da waɗannan sannan ake da dalilin zargin taimin bawul, sai fa idan matsalar ta fara ne daidai bayan an buɗe inji, ko bayan an daɗe ana jin sarƙa tana karkarwa a cikin silinda.

Wannan karkarwar ba abin jinkiri ba ce a injunan kwance. Sarƙar taimin tana bi ta kan wasu tayoyin roba da suke cinyewa da tsufa, kuma ɗaya daga cikinsu, mai haƙora, shi ne yake juya famfon baƙin mai. Idan haƙoransa suka cinye, mai yana iya daina isa saman silinda yadda ya kamata, kamshaf da roka su ci juna. Saboda haka duk ranar da aka sauya sarƙa, ya dace a sauya waɗannan robobi tare da ita, mai babur kuma ya nemi a nuna masa tsofaffin da aka cire. Kafin a mayar da murfi, yana da haƙƙin ya tsuguna kusa da bakanike ya ce, "Malam, nuna mini T da O," ya ga an juya maganeto da hannu zagaye biyu, alamomin sun dawo kan tsagoginsu, sannan a taka kik.